Ina Direban Yake?

  Da farko mun shirya kawo bayani ne a kan yadda ake buɗe labari, sai wani abu ya same mu a gida ya sa muka sauya shawara. Maganar tsoffin motoci za mu yi, waɗanda aka ƙera wa manyan Turai da Amurka kafin Yaƙin Duniya na Biyu. A yi haƙuri a biyo mu, za a ga inda ta shafi alƙalaminmu.

Watanni kaɗan da suka wuce muna cikin rubuta wani labari, mun kai babi na 12. Tauraron irin wanda muka saba ne: matashi, kyakkyawa, ɗan gidan wane, kuɗi kamar ya kashe shi. Wani dare aka ɗauke wuta, kowa ya fito tsakar gida shan iska, ƙannenmu suka matsa sai mun karanta musu daga waya. Kawunmu na gefe a kan tabarma da rediyonsa. Shi direba ne, ya yi fiye da shekara 30 yana tuƙa wani attajiri da iyalinsa kafin ciwon ido ya zaunar da shi.

Muka zo wurin da muke ji da shi. Motoci shida a jere, danƙara-danƙara, kowace mun ambaci sunanta da launinta. Direba ya fito da rawar jiki ya buɗe ƙofa, ƙamshin turare ya riga tauraron fitowa. Sai muka ji Kawu ya rage muryar rediyo.

"Ku dakata. Wannan direban, yaya sunansa?"

Muka ce, "Kawu, ai ba shi da suna, direba ne kawai."

Ya ɗan yi dariya. "Tun ƙarfe nawa yake zaune a motar yana jira? Ya ci abinci?"

Babu wanda ya amsa. Ya ce, "To madalla, ku ci gaba." Mun ci gaba ɗin, amma jikinmu ya riga ya yi sanyi. A gaban mutumin da ya biya mana kuɗin jarrabawa da kuɗin tuƙi, mun karanta shafi guda da ya san sunan mota shida bai san sunan direba ɗaya ba.

Washegari da muka shiga gaishe shi, ya nuna mana wani hoto da ke manne a bangon ɗakinsa tun muna yara, wanda ba mu taɓa tambayar labarinsa ba. Shafin tsohuwar kalanda ne, ya naɗe shi da leda. Wata doguwar mota ce mai duhun launi, hancinta ya kusa rabin tsawonta, a kan lagiretonta akwai ɗan gunkin giwa tsaye a kan ƙafafun baya. Wurin zaman maigida a rufe yake ruf kamar ɗaki. Wurin direba kuwa a buɗe, babu rufi.

Kawu ya ce, "Kun gani? Ashe tun can haka abin yake. Amma ku dubi kyau! Da zan samu in ja ta sau ɗaya, ko ruwan ƙanƙara ake yi na yarda."

Bai san sunanta ba. Giwar nan ce ta taimaka mana muka gano ta, daga nan kuma muka faɗa karatun da ya cinye mana makonni.

Abu na farko da ya ba mu mamaki shi ne, a wancan zamani mai kuɗi ba ya sayen mota a kammale. Kamfani irin Rolls-Royce na Ingila, ko Hispano-Suiza da aka kafa a Basalona a 1904, ko Duesenberg na Amurka, abin da yake sayar maka shi ne casis da injin da tayoyi da sitiyari. Daga nan sai ka kai wa masu gina bodi, kamar yadda muke sayen shadda mu kai wa tela. Yawancin waɗannan gidaje tsoffin maƙeran keken doki ne. A Landan akwai Barker da Hooper, waɗanda suka daɗe suna yi wa gidan sarauta keken doki tun kafin a san mota. Kafinta zai haɗa ƙwarangwal na katako, mai bugun bodi ya lanƙwasa farantan alminiyam da guduma a kai, mai fenti ya shafa ya goge ya sake shafawa, mai ɗinkin kujeru ya shigo daga ƙarshe. Aikin kan ɗauki watanni. Shi ya sa da wuya a ga biyu iri ɗaya sak.

Daga keken dokin ne aka gaji barin direba a waje. Mai korar doki a waje yake zama, da injin ya maye gurbin doki sai aka bar wurin zaman yadda yake. Tsakaninsa da maigida akwai gilashi, a wasu motocin har da bututun magana da ake ba shi umarni ta ciki. Ga kuma wani abu da zai ba marubutanmu dariya: a irin waɗannan motoci kujerar fata ta direba ce, saboda ita ke jure ruwa da ƙura. Maigida a kan lallausan yadin ulu yake zama. Mu kuwa in muna son nuna arziki a labari, kujerun fata muke fara ambata.

Aikin direban ma ya wuce riƙe sitiyari. Kalmar da Faransawa ke kiran direba da ita, chauffeur, wadda 'yan uwanmu na Nijar suka sani sarai, asalin ma'anarta mai hura wuta, tun zamanin injin tururi. Shi ne makanike, shi ke bin gaɓoɓin mota da mai da giris, shi ke facin taya a bakin hanya. Kafin Cadillac ta fito da abin tayar da injin na lantarki a 1912, da hannu ake murɗa ƙarfe a gaban mota, in injin ya yi tutsu kuwa yana iya karya wa mutum hannu. Rolls-Royce har makarantar koyar da direbobi ta buɗe, domin ta san sunanta a hannunsu yake.

Shi kansa Henry Royce ba ɗan gata ba ne. Mahaifinsa mai injin niƙa ne da ya karye, ya rasu yana yaro, shi kuma ya yi tallan jarida da kai saƙon waya kafin ya koyi aikin injin. A 1904 ya haɗu da Charles Rolls, ɗan babban gida mai sayar da motoci, a birnin Mancesta. Motar da ta yi musu suna ita ce Silver Ghost, wadda a 1907 aka yi mata gwajin tafiyar mil 15,000 ana lura da ita, ta fita kunya. Rolls bai daɗe ba, ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1910 yana da shekara 32. Royce ya ci gaba da zana injuna cikin rashin lafiya har rasuwarsa a 1933. Sunan da muke jefawa a labari don nuna ɗan gata, rabinsa na ɗan tallan jarida ne.

To, mu dawo kan motar Kawu. Sunanta Bugatti Royale, wadda ke hoton kuma ita ake kira Coupé Napoléon. Ettore Bugatti ɗan Italiya ne haifaffen Milan, ya kafa masana'antarsa a Molsheim, yankin Alsas, wanda ya koma hannun Faransa bayan Yaƙin Duniya na Farko. Ya yi suna da ƙananan motocin tsere. A tsakiyar shekarun 1920 sai ya ƙudura ƙera motar da babu kamarta, ta sarakuna zalla, ya yi niyyar yin guda 25. Tsawonta ya haura mita 6, nauyinta ya haura tan 3, injinta mai silinda 8 a jere, lita 12.7, kusan ninki takwas ke nan na injin ƙananan motocin da muke hawa yau. Kuɗin casis kaɗai ya kai kimanin dala 30,000, a lokacin da sabuwar Ford ba ta wuce dala 500 da 'yan kai ba. Giwar kuwa aikin ƙanensa ce, Rembrandt Bugatti, gwanin sassaƙa dabbobi, wanda ya rasu a 1916. Ɗan uwan ya ɗora ta a hancin motar da ya fi alfahari da ita.

Sai dai ana bikin duniya ake na ƙiyama. A Oktoban 1929 kasuwar hannun jari ta birnin New York ta rushe, tattalin arzikin duniya ya bi ta. Sarakunan ma ƙasa na zame musu: Sarki Alfonso na 13 na Sifen, wanda aka sa ran zai saya, ya bar gadon mulki a 1931. Guda shida aka gama, uku kawai aka sayar, kuma babu sarki ko ɗaya a cikin masu sayen. Na farko, a 1932, wani attajirin tufafi ne na Faransa mai suna Armand Esders, wanda ya ce kada a sa mata fitilun gaba domin shi ba ya tuƙin dare. Na biyu likita ne Bajamushe, na uku wani Bature ɗan Ingila. Ta likitan ta bi shi har Amurka, sanyin hunturu ya fasa mata injin, ta ƙare a wurin 'yan gwangwan a New York, har wani injiniyan General Motors ya tsinto ta a shekarun 1940 ya gyara. Yau tana gidan tarihin Henry Ford.

Ragowar injunan da aka ƙera suka rasa mota, sai Bugatti ya nemo musu aiki. Ya zana wani jirgin ƙasa mai gudu ya sa su a ciki, hukumar jiragen ƙasa ta Faransa ta saya daga 1933, aka ƙera fiye da 70, wasu suka yi aiki har 1958. Injin da aka yi don ya ja sarki ɗaya, ya ƙare yana jan duk wanda ya iya sayen tikiti, kuma wannan cinikin ne ya riƙe kamfanin a shekarun wahala.

Ba Bugatti kaɗai guguwar ta taɓa ba. Bentley ta ci tseren awa 24 na Le Mans sau biyar tsakanin 1924 da 1930, yawancinsu da tallafin Woolf Barnato, magajin dukiyar lu'ulu'un Kimberley ta Afirka ta Kudu. A 1930 ta fito da babbar motarta mai lita 8, guda 100 kawai aka yi, a 1931 bashi ya ci kamfanin, Rolls-Royce ta saye shi. A Amurka, Duesenberg ta nuna Model J a Disambar 1928, mai ƙarfin doki 265, casis dala 8,500. An yi fatan sayar da 500 a shekara, amma har aka rufe kamfanin a 1937 jimillar ba ta kai 500 ba. Cadillac ta fito da mai silinda 16 a Janairun 1930, wata uku kacal bayan rushewar kasuwa, ta tsira ne don tana ƙarƙashin inuwar General Motors. Pierce-Arrow ta mutu a 1938. Peerless ta bar ƙera mota ta koma yin giya. Packard ta sha ne da ta sauko daga kan dokin girman kai, ta fito da ƙaramar mota a 1935 wadda kuɗinta bai kai dala 1,000 ba. A Jamus kuwa, manyan Mercedes 770 da aka ƙera a shekarun 1930 sun ƙare suna ɗaukar Hitler da muƙarrabansa a faretin da ya kai duniya ga yaƙi.

Gidan Bugatti ma bai ga da daɗi ba. Jean, ɗan Ettore, wanda ya zana bodin motar Kawu yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya rasu a Agustan 1939 yana gwajin motar tsere a kusa da Molsheim, yana da shekara 30. Makonni uku bayan haka yaƙi ya ɓarke. Royale uku da ba a sayar ba, iyalin suka ɓoye su a gidansu na Ermenonville, aka gina bango aka toshe don kada sojan Jamus su kwashe. Ettore ya rasu a 1947. A 1950 wani Ba'amurke mai suna Briggs Cunningham ya sayi biyu daga hannun 'yar Ettore, a kan kuɗi kaɗan da ƙarin firiji guda biyu, domin a lokacin firiji ya yi wuya a Faransa. Ɗaya daga cikin biyun nan ce aka yi gwanjonta a Landan a 1987 a kan fam miliyan 5.5.

Ita kuwa ta Kawu, a 1963 ta shiga hannun Fritz Schlumpf, wanda shi da ɗan uwansa Hans suke da masaƙu a yankin Mulhouse. Suka yi ta tara tsoffin motoci a asirce cikin wani sashe na masaƙa, har suka haura 400, fiye da 100 Bugatti ne. Kasuwar saƙa ta faɗi, aka fara sallamar ma'aikata, 'yan uwan suka tsere Suwizalan. A Maris na 1977 ma'aikatan suka kutsa cikin ginin, suka tarar da motoci jere a ƙarƙashin ɗaruruwan fitilu, sun sha goga suna ƙyalli. Suka mamaye wurin kusan shekara biyu, suka buɗe wa jama'a su shigo su ga inda gumin masaƙa ya tafi. A 1982 aka buɗe shi a matsayin gidan tarihin motoci na ƙasa, kuma can motar take har yau.

A cikin wannan bincike mun yi ta cin karo da wani labari da yawancinmu mun taɓa gani ana turawa: wai wani sarkin Indiya ya shiga shagon Rolls-Royce a Landan aka wulaƙanta shi, ya sayi motocin duka ya sa su kwasar shara. Gaskiya ne sarakunan Indiya na cikin manyan masu sayen Rolls-Royce kafin yaƙi. Amma wannan labarin, duk inda aka ba da shi sunan sarkin sauyawa yake, yau na Alwar, gobe na Haidarabad, yawan motocin ma haka. Tatsuniya ce mai daɗi, kuma mun fahimci abin da ya sa muke son ta, mu da muka san raini na mulkin mallaka. Sai dai wanda zai sa ta a rubutu, ya sa ta a bakin wani cikin taurarinsa yana hira, kada ya shimfiɗa ta a matsayin tarihi. Labarin firiji biyu da na ma'aikatan masaƙa sun faru, kuma a ganinmu sun fi ta nauyi.

Da muka tattara abin da muka samu, muka koma wa Kawu da shi bayan sallar Isha'i. Muka ba shi labarin sarakunan da ba su saya ba, da bangon da aka gina, da gwanjon miliyoyi. Ya saurara yana gyaɗa kai, amma ba su ne suka dame shi ba.

"Giya nawa gare ta?"

Muka ce uku.

"Birkin fa, na mai ne?"

Muka ce a'a, na waya ne, kuma babu abin da ke taimakon ƙafa, ƙarfin direba ne kawai.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Tan uku, birkin waya, ga ruwa na dukanka, ga mai gida a baya ba ya son ya ji ko girgiza. Wannan bawan Allah ya ci halal ɗinsa."

A nan muka gane bambancin kallonsa da namu. Mu mun ga kuɗi, shi ya ga aiki. Daga nan hira ta ɓalle, ya yi ta ba mu abubuwan da ba mu taɓa tambaya ba. Yadda ake tsayar da mota ba tare da shayin da ke hannun maigida ya zube ba. Yadda direba ke sanin an yi faɗa a gida tun daga yadda aka rufe ƙofa. Yadda yake jin cinikin miliyoyi a bayan ƙeyarsa, aljihunsa babu kuɗin maganin yaro, kuma ya mayar da kunnensa kamar na bango. Da ranar da maigidan ya karye, aka zo ɗaukar motoci ɗaya bayan ɗaya, shi ne ya wanke ta ƙarshen kafin ya miƙa makulli, domin a cewarsa bai kamata ta bar gidan da datti ba.

'Yan uwa, mu duba rubuce-rubucenmu da gaskiya. Nawa ne a cikinmu ba su taɓa rubuta jerin gwanon motoci ba? Muna ambaton suna da launi da farashi, sai mu ɗauka mun nuna arziki. Alhali mai karatu ya ga wannan jerin sau ɗari, idonsa tsallake shi yake. Ba muna cewa a daina rubuta masu kuɗi ba, mu ma ba mu daina ba, kuma babu laifi mai karatu ya more mafarkinsa. Muna cewa ne duk abin alfarma yana da wanda ya ƙera shi, da wanda ke goge shi, da ranar da aka saye shi, da ranar da za a rabu da shi. Attajirin da ya ce a cire wa motarsa fitila don ba ya fita da dare, wannan magana ɗaya ta nuna halinsa fiye da shafi uku na lissafin kadarori. Irin wannan kuwa ba a samun sa sai an yi karatu, ko an zauna da wanda ya sani. Sau da yawa wanda ya sanin yana cikin gidanmu, a kan tabarma, ba mu taɓa tambayarsa ba.

Mun sake rubuta babi na 12. Motocin sun koma biyu. Direban ya samu suna, Kawu ne ya zaɓa masa, ya samu mata da 'ya mai shirin aure, ya kuma san wani sirri na tauraron da zai iya rusa auren da labarin ke ginawa. Ba za mu ɓoye ba, da muka saki babin wasu masu bibiyarmu sun yi ƙorafi, sun ce mun bar soyayya mun koma labarin direba, wata ma ta ce ta daina karantawa. Abin ya yi mana ciwo, har yanzu kuma muna lalube a kan yadda za mu riƙe su ba tare da mun mayar da mutumin inuwa ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan tsaka mai wuya, muna neman shawararsa.

Kafin mako mai zuwa, ga ɗan aiki ga mai sha'awa: a buɗe labarin da ake kai, a nemo mutum ɗaya da ya buɗe ƙofa, ko ya kawo ruwa, ko ya wanke mota, wanda aka bari babu suna. A rubuta shafi ɗaya daga inda yake tsaye, a kawo mu karanta tare.

Hoton na nan a bangon Kawu. Mun rubuta masa sunan motar a ƙasa da manyan baƙaƙe, ko da yake idon ba ya gani sosai yanzu, jikokinsa ke karanta masa. Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya saka wa iyayenmu da alheri, Ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani. Kuskuren da aka gani a gyara mana.